Ɗiyata, Ki Kula da Hanjinsa Don Hantarsa Ta Huta

Allah ya ba maigidanki lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Labari ya iso mini cewa likita ya auna jininsa, ya ɗauki hoton cikinsa, ya ce hanta ce ta taurare ta yi tabo, ciwon da suke kira sirosis. Na kuma ji dangi sun rabu gida biyu, wasu na cewa sammu aka yi masa a can wurin biɗa, wasu na cewa a bar wa Allah. Bar wa Allah gaskiya ne, sai dai ba naɗe hannu ake nufi da shi ba. Ke kike kwana da shi, ke kike dama furarsa, ke za ki ga duk canjin da ya zo masa tun kafin wani likita ya gani. Don haka nake so ki riƙe abu ɗaya da kyau: ciwon a hanta yake, amma abin da ke kayar da mai shi farat ɗaya galibi daga hanji yake tasowa.

Ranar Layya in ana fiɗar rago, ki tsaya ki dubi tantanin kitsen nan da ke riƙe da hanji. Za ki ga ƙananan jijiyoyin jini birjik, suna haɗuwa har su zama babbar jijiya guda, ita kuma ta shige ƙarƙashin hanta. Yadda yake a rago haka yake a mutum. Abin da hanji ya tsotsa ya zuba a jini, na kirki da na banza, ba ya isa zuciya sai ya ratsa hanta. Hantar babban mutum kamar kilo ɗaya da rabi ce, amma jinin da ke ratsa ta a kowane minti ya kai lita ɗaya da rabi, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na jinin nan ta wannan jijiya yake shigowa.

An yi tsarin haka ne domin hanji gida ne mai baƙi da yawa. Lissafin da masana suka yi a 2016 ya nuna bakteriyar da ke zaune a jikin mutum ɗaya ta kai tiriliyan 38, kusan dukkanta a babban hanji. Ba abokan gaba ba ne, suna taya mu narkar da abinci, suna kuma hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama. Sai dai suna da shararsu, kuma iri biyu daga cikinta ne suka shafe mu. Na farko dafi ne da ke manne a fatar wasunsu, irin su E. coli, wanda ke ɓarewa in sun mutu. Wani Bajamushe, Richard Pfeiffer, almajirin Robert Koch, shi ya gano shi wajen 1892 yana binciken kwalara, aka sa masa suna endotoksin. Ɗan kaɗan in ya shiga jini ya isa ya kawo masassara da rawar ɗari, mai yawa kuwa yakan saki jijiyoyi har ƙarfin jini ya faɗi. Na biyu amoniya ce, wadda hancinki ya riga ya sani, don ita ce warin nan mai hawa kai da ke tashi a garke inda fitsarin bisashe ya kwana. Ƙwayoyin hanji suna yin ta kullum in suna cin ragowar abinci mai gina jiki.

Lafiyayyar hanta tana karɓar waɗannan duka mai ita bai ma sani ba. A cikinta babbar jijiyar takan rarrabu ta zama ƴan siraran hanyoyi da ido ba ya gani, inda jini ke tafiya a hankali ƙwarai. Bangon hanyoyin yana da ƴan ƙofofi, ta nan ruwan jini ke tsattsafowa ya taɓa ainihin naman hanta. A cikin hanyoyin kuma akwai wasu ƙwayoyin halitta masu haɗiye duk baƙon abu, ana kiran su da sunan Karl von Kupffer, wanda ya fara bayyana su a 1876. Babu gaɓar da ta tara irinsu da yawa kamar hanta. Su ke cafke bakteriyar da ta kuɓuce daga hanji, su ke kama endotoksin a karya ƙarfinsa, ragowar a zuba ta cikin ruwan matsarmama ta koma hanji ta fita. Amoniya kuwa naman hanta ke juya ta zuwa yuriya, ƙoda ta fitar da ita a fitsari.

To me tabo ke yi wa wannan aiki? Ku mutanen Adar ba ku bukatar dogon bayani, don kun san fako. Ruwan sama in ya sauka a fako ba ya shiga ƙasa. Yakan zarce da gudu, ya tsaga wa kansa kwazazzabo, ya kwashi yashi da tsakuwa ya je ya binne gonakin kwari. Aikin da aka fara a Keita a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, wanda iyayenku mata suka ɗauki duwatsunsa a ka saboda maza sun tafi biɗa, ba komai ba ne illa tilasta wa ruwa ya rage gudu ya nutse: jeren duwatsu a kan tudu, ramuka a gangare, madatsai a bakin ƙoramu. Hantar maigidanki ta zama fako. Kumburi na shekaru a ɓoye ya shimfiɗa tauri a cikin siraran hanyoyin nan, ƴan ƙofofin suka toshe, jini na wucewa bai taɓa naman da zai tace shi ba. Da hanya ta ƙuntata sai jini ya taru a baya ya yi matsi, ya buɗa wa kansa hanyoyin gefe, ta jijiyoyin maƙoshi, ta kewayen cibiya, ta dubura. Duk jinin da ya bi ta can ya tsallake hanta ke nan, ya isa zuciya da ƙwaƙwalwa da dattinsa.

Kada ki ɗauka hantar ta daina aiki. Da ta daina da ba mu wannan magana. Allah ya yi ta da rara mai yawa, shi ya sa mutum kan yi shekaru da tabon yana noma yana fatauci bai sani ba. Abin da ya faru shi ne ƙarfinta ya ragu, kayan da ake aiko mata kuma ya ƙaru. Matsin jinin nan yakan kumbura bangon hanji har ya riƙa yoyo. Hanjin kansa yakan yi nawa wajen tura abinci, ruwan matsarmama da ke rage yawan ƙwayoyi ya yi ƙaranci, sai ƙwayoyin su hayayyafa su haura har ƙaramin hanji inda a da ba su da yawa. Abin takaici kuma, in endotoksin ya yi wa ƙwayoyin Kupffer yawa yakan harzuƙa su, su ta da kumburi, kumburin ya ƙara tabo, tabon ya ƙara matsi. Tabon ba ya hannunki, ɗiyata. Yawan kayan da hanji zai aika wa hantar kuwa, babban rabonsa a hannunki yake.

Amoniya in ta isa ƙwaƙwalwa ba da ihu take farawa ba. Barci ne ke fara juyewa, ya kwana ido biyu, da rana ya yi ta gyangyaɗi. Sai mantuwa. Mutumin da ke lissafin buhunan albasa da ka ya kasa mayar da canjin jika guda, ya rikice a raka'o'in Azahar, ya yi fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wani lokaci numfashinsa kan yi wani wari mai zaƙi-zaƙi. Akwai gwajin da za ki iya yi a ɗaka: ya miƙa hannuwansa gaba, ya ɗaga tafukan sama, yatsu a buɗe, ya riƙe haka. In kin ga tafukan suna faɗuwa suna tashi ba da sonsa ba, dafin ya hau. In ba a tare shi a nan ba, sai sambatu, sai ya kasa gane mutane, sai barcin da ba a iya tashinsa.

A nan ne mutanenmu kan ce iska ta taɓa shi. Addu'a ba ta taɓa zama laifi ba, a yi ta a gida, a yi ta a kan hanyar asibiti. Abin da nake roƙonki, in ya faɗa miki magana mai zafi a irin wannan hali kada ki riƙe ta a zuci, kada kuma ki bari surukanki su ce ya sake hali. Ki tambayi kanki tukuna: yaushe rabonsa da bayan gida?

Na san tambayar ba ta da daɗin ji, na kuma san kunyar da ke tsakanin mace da mijinta a kan irin wannan, balle kawu da ɗiyarsa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙullewar ciki, wadda ga mai lafiya damuwa ce kawai, ga maigidanki tana iya zama sanadin suma, domin duk daɗewar kashi a hanji ƙarin lokaci ne ga ƙwayoyi su yi amoniya, ga hanji kuma ya tsotse ta. Maganin da likitoci suka dogara da shi tun 1966 wani ruwa ne mai kauri da zaƙi, laktulos, a famasi an fi saninsa da sunan Duphalac. Sukari ne da jikin mutum ba ya iya tsotsa, sai ya wuce har babban hanji, ƙwayoyin can su cinye shi su mai da wurin tsami. A cikin tsami amoniya ba ta iya ƙetare bangon hanji, sai ta maƙale ta fita da bayan gida. Ma'auninsa ba a cokali yake ba, a sakamako yake: bayan gida mai laushi sau biyu ko uku a yini. In bai kai ba a ƙara, in ya zama zawo a rage, domin zawo na busar da jiki, bushewar jiki kuma ita ma tana kawo rikicewar da ake gudu. Shi ya sa filasko da sassaƙen wankin ciki ba sa maye gurbinsa. Ba su da ma'auni, wasu saiwoyin ma su kansu sabon aiki ne ga hanta. In rikicewar ta riƙa dawowa duk da haka, akwai ƙwayar rifaksimin mai rage bakteriyar hanji. Tana da tsada, ba ko'ina ake samunta ba, likita ne zai ce ko ta kama.

Wajen abinci ne na fi jin tsoron masu ba da shawara. Za a ce miki a hana shi nama da ƙwai da nono da wake, a bar shi da kunu tsura. Maganar tana da asali, kuma ba daga ƙauye ta fito ba. A 1893, a birnin San Pitasbag na Rasha, Ivan Pavlov da abokan aikinsa suka ba da labarin karnukan da suka yi wa tiyata, suka karkatar da jijiyar hanji yadda jini zai tsallake hanta. In an ba karnukan nama sai su rikice, su yi tangaɗi, wasu su suma. Likitocin duniya sun daɗe suna hana masu ciwon hanta abinci mai gina jiki saboda irin wannan shaida. Daga baya aka lura cewa in hanta ta gaza, tsokar jiki ce ke taya ta kwashe amoniya daga jini. Wanda aka hana abinci tsokarsa ke narkewa, a rasa mataimakin, narkewar kuma ita kanta amoniya take ƙarawa. A 2004 likitoci a Basalona ta ƙasar Sifen suka gwada a kan marasa lafiya masu rikicewa, wasu aka rage musu furotin, wasu aka ba su yadda aka saba. Ragewar ba ta sa sun farfaɗo da wuri ba, sai tsokarsu da ta ƙara zubewa. Yau ƙa'idar ita ce gram 1.2 zuwa 1.5 na furotin a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini, wato ya fi abin da ake nema daga mai lafiya.

Saboda haka ki ba shi wake, ki ba shi nono da ƙwai, da ɗan nama ko kifi in an samu. Na tsiro da na nono sun fi yi wa irinsa sauƙi. Zogale, miyar kuka, kuɓewa da geron da ba a surfe shi fes ba suna tausasa ciki. Ya ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma kafin ya kwanta ki miƙa masa ƙoƙon fura da nono, ko bai nema ba. Hanta mai tabo ba ta iya ajiye sukarin da zai kai mutum asuba, sai jiki ya koma cin tsokarsa cikin dare. Wannan dalili ne ya sa maganar azumi ke bukatar likita da malam tun watan bai kama ba. Wanda cikinsa ya tara ruwa ko ya taɓa rikicewa, uzurinsa a fili yake. Madarar a tafasa ta kafin a kwantar, ruwan damu ma a tafasa, don cutar cikin da za ta ba ki zawon yini ɗaya shi tana iya kai shi gadon asibiti.

Abin da za a rage da gaske gishiri ne, shi ke tara ruwa a ciki da ƙafafu. Kamar gram 5 a yini, ƙaramin cokalin shayi a shafe, kuma Maggi da kanwa suna cikin lissafin. Kilishin Madawa, duk sunan da ya yi, ba naman ne matsalarsa ba, gishirin haɗin ne. Ya ɗanɗana ya bari.

Masu tallar magani ranar kasuwa kuwa, ki yi masa katanga da su. Tramol, diyazefam da duk maganin barci suna iya jefa shi suma. Ibuprofen da diklofenak suna jawo zubar jini a ciki, suna kuma kassara ƙoda. In ciwo ya dame shi farasetamol ya fi dama, kada ya wuce gram 2 a yini, wato ƙwaya 4 masu lamba 500. Giya ko ɗigo babu. Muddin kansa bai washe sarai ba, kada ya hau babur, kada ya shiga rijiyar lambu.

Akwai abubuwan da ba sa jiran gari ya waye. Masassara ko ciwon ciki ga wanda cikinsa ya tara ruwa na iya nufin ƙwayoyin hanji sun tsallaka cikin ruwan, kuma wani lokaci ba masassarar ma, rikicewa ce kaɗai alama. Likita kan zuƙi ɗan ruwan da allura ya auna, ya sa maganin kashe ƙwayoyi ta jijiya. Kada ki yarda a yi wa cikin nan sakiya ko tsaga ko ƙaho. Hanta ce ke yin sinadaran da ke daskarar da jini, tasa ta gaza, ga kuma ƙofar da za a buɗe wa cuta. Aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da ɗoyi, alama ce jijiyar maƙoshi ta fashe. Haɗarin biyu ne, ga jinin da ya zuba, ga kuma jinin da ya kwanta a hanji ya zama abincin ƙwayoyi, amoniya ta ninku. Haka in fitsari ya ragu sosai. In kuwa ya yi barcin da ba a iya tashinsa, ki kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa kunu ko rubutu, zai shaƙe. Asibitocin Madawa da Buza da Keita suna nan, in abu ya fi ƙarfinsu su tura Tawa, ga kuma asibitin Galmi da ke aiki tun 1950. Ki ware kuɗin mota tun yanzu, ki ajiye lambar mai mota, musamman kafin damina, lokacin da ƙorama ɗaya in ta kawo takan tsare mutum yini guda.

In kun koma wurin likita ki tambaye shi abin da ya kawo tabon tun farko. A ƙasashenmu galibi ƙwayar cutar hanta ce nau'in B, ba giya ba, don haka kada ki bari a yi wa bawan Allah zargin da bai ji ba bai gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a 2022, miliyan 65 daga ciki a yankin Afirka, akasarinsu tun suna yara suka kamu. Tana da magani mai danne ta, tenofobir, ƙwaya ɗaya a yini. A wani bincike da aka buga a 2013, cikin mutum 96 masu tabon hanta da suka sha magani shekara 5, an sake duba naman hantarsu aka tarar 71 tabon ya ja baya har sun fita daga sahun masu sirosis. Kin ga fako ma yana farfaɗowa in an tsare shi. Sharaɗin dai kada a yanke maganin don an ji sauƙi, yankewa na iya ta da ciwon fiye da da. In nau'in C ce, ita ana warkewa sarai da maganin mako 12. Ko wacce ce, a riƙa hoton hanta duk wata 6 saboda ciwon daji. Gujiya da masarar da suka yi fumfuna kuma a zubar, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da su don gudun asara. Dafin fumfunar, afalatoksin, wanda aka gano bayan ya kashe talotalo 100,000 a Ingila a 1960, in ya haɗu da ƙwayar B yakan ninka haɗarin dajin hanta.

Kada ki ware masa kwano. Ƙwayar B ba ta bin abinci, ba ta bin zufa ko musafaha, kuma warewar za ta fi masa ciwon zafi. Jini take bi, da haihuwa, da kwanciyar aure, da aska da reza. Ki je a auna ki, a auna yara, a auna ƴan'uwansa da suke uwa ɗaya. Wanda ba ya da ita a yi masa rigakafi, allura 3. Nijar ta sa wannan rigakafi cikin alluran jarirai a 2008, saboda haka duk wanda aka haifa kafin nan kada a ɗauka an yi masa. In awo ya nuna kina da ita kuma Allah ya ba ki ciki, ki faɗa tun ranar awon farko. Babba in ya kamu, bai kai 5 cikin 100 ba da take zama masa, amma jaririn da ya kamu wajen haihuwa 9 cikin 10 takan zauna masa har abada. Allura a cikin awa 24 na farko ita ce babban abin da ke tare wannan, don haka a nemi inda za a same ta tun haihuwa ba ta zo ba. Ranar suna kuma ki sa a sayo wa wanzami sabuwar reza, ya ɓare ta a gabanku.

Ki gaishe mini da shi, ki gaida yara.